Muƙabalar Bagadaza: Harshe da Ma'aunin Gaskiya



Tambayar da aka ɗora mini in yi magana a kanta tsohuwa ce ƙwarai. Harsunan duniya sun kai kimanin dubu bakwai, kowanne da nasa kalmomi da nasa tsarin jimla. To, shin a ƙarƙashin wannan bambanci akwai ma'auni ɗaya na gaskiya da ƙarya, da na kyakkyawa da mummuna, wanda ya hau kan kowa? Ko kuwa kowace al'umma da mudun da harshenta ya sassaƙa mata? Kada wani ya ɗauka wannan hira ce ta mutanen jami'a. Duk ranar da mai ba da shaida ya yi rantsuwa da Hausa a gaban alƙali, tafinta ya juya maganarsa da Turanci, aka rubuta, sa'an nan aka yanke wa mutum hukunci a kan abin da aka rubuta ɗin, to an riga an amsa tambayar nan ba tare da an yi ta ba, domin an ɗauka cewa gaskiya tana iya fita daga wani harshe ta shiga wani tana nan gaskiyarta. Ni ba ta hanyar falsafa tsantsa zan bi da ku ba. Zan ɗauki rana guda a tarihi wadda aka tara malamai aka yi wannan gardama ƙeƙe da ƙeƙe, mu ga abin da kowa ya ce, kana mu bi sawun maganar har inda ta iso mana nan ƙasar Hausa.

Wurin shi ne Bagadaza, shekarar kuwa 932 Miladiyya, daidai da 320 bayan Hijira, a bisa ruwayar da masana tarihi suka fi dogara da ita. A lokacin an shafe fiye da shekara ɗari da hamsin ana fassara littattafan Yunanawa, watau Girkawa, zuwa Larabci, tun daga zamanin Halifa Mansur wanda ya gina birnin a 762. An fassara likitanci da lissafi da ilmin taurari, an kuma fassara littattafan Aristotal, wanda Larabawa ke kira Arisɗo, a kan ilmin manɗiƙi, ilmin da ke koyar da yadda ake kafa hujja da yadda ake gane ɓatacciya. Yawancin masu fassarar nan Kiristoci ne masu jin harshen Suryani, kamar Hunainu ɗan Is'haƙu da ya rasu a 873, da ɗansa Is'haƙu. Babban malamin manɗiƙi a Bagadaza a farkon ƙarni na goma shi ma daga cikinsu yake, Abu Bishri Matta ɗan Yunus, wanda ya yi karatu a gidan ruhubanawa na Dair Ƙunna. Matta bai iya Yunananci ba. Daga Suryani yake fassarawa zuwa Larabci, kuma Larabcin nasa, kamar yadda fassarorinsa da suka rage suke nunawa, mai nauyi ne, maras daɗin karatu.

Abokin karawarsa shi ne Abu Sa'idu Sirafi, ɗan kimanin shekara arba'in a lokacin, masanin nahawu, wanda daga baya ya yi wa littafin Sibawaihi babban sharhi, ya kuma riƙe alƙalanci a Bagadaza a kan mazhabar Hanafiyya. An ruwaito cewa ba ya cin albashin alƙalanci, sai dai ya kwafi takarda goma a rana ya sayar da dirhami goma ya ci abinci. Abin lura a nan, wannan mai kare martabar Larabci Bafarishe ne, haifaffen garin Siraf a bakin tekun Farisa, kamar dai yadda shi kansa Sibawaihi Bafarishe ne. Saboda haka gardamar ba ta Balarabe da baƙo ba ce. Mutum biyu ne da ilmi ya kawo Bagadaza, kowa yana kare sana'arsa.

Waziri Ibn Furat ne ya haɗa su a majalisarsa. Ya ce wa malaman da ke zaune yana son wani ya fito ya ƙalubalanci Matta, wanda ke da'awar cewa babu hanyar rarrabe gaskiya da ƙarya, ko hujja da shubuha, sai ta manɗiƙi. Majalisa ta yi tsit, har Waziri ya zolaye su, daga nan Sirafi ya amsa. Kafin mu shiga abin da aka faɗa, ya kamata ɗalibi ya san ta bakin wa labarin ya zo. Abu Hayyan Tauhidi ne ya rubuta shi cikin littafinsa Al-Imta'u wal Mu'anasa, kimanin shekara hamsin bayan aukuwar abin, ya karɓo shi daga Rummani, masanin nahawu, da kuma daga Sirafin kansa, wanda malaminsa ne da yake matuƙar girmamawa. Ba mamaki ke nan da muka iske Sirafi yana zuba jawabi shafi bayan shafi, Matta kuwa da kyar yake samun jimla biyu. In mutum yana karanta wannan labari, sai ya riƙa tuna cewa almajirin wanda ya yi nasara ne ke riƙe da alƙalami.

Matta ya fara da cewa manɗiƙi kayan aiki ne, kamar mizani, da shi ake gane maganar da ta inganta da wadda ba ta inganta ba, kamar yadda ake gane mai nauyi da maras nauyi. Sirafi ya kama shi a kan misalin nasa. Ya ce a ƙaddara mizani ya gaya maka nauyi, to wa zai gaya maka abin da ka auna ɗin zinariya ce ko tagulla ko dalma? Kuma ba kowane abu ake ɗorawa a mizani ba: wani da mudu ake auna shi, wani da kamu, wani kuwa kintatarsa ake yi da ido. Sa'an nan ya kawo hujjar da ita ce zuciyar zancenmu a yau. Ya ce wannan ilmi wani mutumin Yunan ne ya tsara shi a kan harshen mutanensa da yadda suka saba magana, to ta yaya zai zama alƙali a kan Baturke da Ba'indiye da Bafarishe da Balarabe?

Amsar Matta gajera ce, amma ita ce mafi ƙarfin abin da ya faɗa a ranar. Ya ce manɗiƙi da ma'anonin da hankali ke riska yake aiki, ba da lafazi ba, kuma a nan mutane duk ɗaya suke, domin huɗu da huɗu takwas ne a wurin kowace al'umma. Sirafi ya ce wannan misali yaudara ce. Da a ce duk abin da mutane ke nema a sarari yake kamar huɗu da huɗu, da saɓani ya ƙare a duniya tun tuni. Ya ƙara da cewa ba a isa ga ma'ana sai ta harshe, saboda haka abin da Matta ke kiran mutane gare shi a haƙiƙa koyon Yunananci ne, harshen da shi kansa bai sani ba. Littattafan an juye su daga Yunananci zuwa Suryani, an sake juye su daga Suryani zuwa Larabci, wa ya tabbatar cewa ba a zubar da komai a hanya ba? Da Matta ya ce ai Yunanawa sun fi kowa kula da hikima, sai Sirafi ya ce ilmi a warwatse yake a cikin al'ummai, kowace ta samu wani rabo ta rasa wani.

Daga nan sai ya koma yi masa jarrabawa. Ya tambaye shi hukunce-hukuncen harafi ɗaya tak na Larabci, watau harafin wawu, ma'anoninsa nawa ne, a ina yake nufin kaza, a ina yake nufin kaza. Matta ya ce wannan nahawu ne, shi bai karanta shi ba, kuma mai manɗiƙi ba ya bukatar nahawu, mai nahawu ne ke bukatar manɗiƙi. Wanda bai san fiƙihu ba zai ga kamar Sirafi ƙure kawai yake yi. Ba haka ba ne. Malaman mazhabobi sun yi saɓani a kan ko jeranta gaɓɓai a alwala farilla ne ko sunna, kuma ma'anar wannan harafi a ayar alwala tana cikin abin da suka tattauna, ko yana nuna jeri ko haɗawa kawai. Shafi'awa suka wajabta jerantawa, Malikawa da Hanafawa suka ɗauke ta sunna. Mu ma muna da irin wannan ƙaramar kalma mai ɗaukar kaya da yawa. Ku dubi "da" a cikin waɗannan: Audu da Bala, ya yanka da wuƙa, ya zo da safe, da ya zo sai muka tashi, mutumin da ya zo, yana da kuɗi. Kalma guda, aiki shida. Akawun da ya taɓa fassara wata doka ko takardar umarni ya san cewa sa "da" inda ya kamata a sa "ko" yana iya hana mutum haƙƙinsa. A nan Sirafi yana da gaskiya, kuma babu mizanin da zai cece ka in ba ka san harshen ba.

Yana ma da gaskiya fiye da yadda labarin ya nuna. Matta ne ya fassara littafin Aristotal a kan waƙa da wasan kwaikwayo. Yunanawa suna da wasa iri biyu da ake yi a dandali, ɗaya mai ban tausayi da ke nuna faɗuwar babban mutum, ɗaya kuma na ban dariya. Larabawan lokacin ba su da irin wannan dandali, sai Matta ya fassara na farko da "madihu" na biyu da "hija'i", watau yabo da zambo. Ƙarni biyu bayan haka Ibn Rushdi ya yi sharhin littafin a kan wannan fahimta, yana kawo misalai daga waƙoƙin Larabawa. Abin da ya rataya da al'adar mutane ya ɓace a hanya, kamar yadda Sirafi ya yi zato.

Akwai kuma matsala mai zurfi da ta fi wannan. Yunananci yana da aikatau guda da ke ɗaukar ma'anar "kasancewa" ta kowace fuska, kuma a kansa Aristotal ya gina da yawa daga falsafarsa. Larabci ba shi da irinsa a jimlar yanzu, sai a jera suna da bayaninsa kawai. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya tattauna wannan a Kitabul Huruf, inda ya nuna cewa Farisanci da Yunananci suna da kalmar, masu fassara zuwa Larabci kuwa sai da suka ari "huwa" da "maujud" suka ɗora musu aikin. Hausa ta rarraba aikin gida uku: Audu malami ne; akwai ruwa; Audu yana gida. Bahaushe ba ya jin cewa "ne" da "akwai" da "yana" abu ɗaya ne da har zai zauna yana neman sirrinsa. A 1958 masanin harshe na Faransa Emile Benveniste ya yi rubutu yana cewa rukunan nan goma da Aristotal ya ce duk abin da ke akwai yana faɗawa cikinsu, in aka duba, rabe-raben nahawun Yunananci ne, ya kuma kawo harshen Ewe na Togo da Gana a matsayin shaida, inda kalmomi biyar suka raba aikin wancan aikatau guda. Maganar Sirafi ce ta dawo bayan shekara dubu cikin kwat da wando.

To amma mu koma majalisar Waziri, domin bugun da ya kayar da Matta shi ne, a ganina, ya tona asirin Sirafi. Ya tambaye shi jimla biyu, wadda ke cewa Zaidu ne mafificin 'yan'uwan, da wadda ke cewa Zaidu ne mafificin 'yan'uwansa. Matta ya ce duka daidai ne. Sirafi ya ce ta farko ce kaɗai daidai, ya kuma ba da dalili: in aka ce ka lissafa 'yan'uwan Zaidu, za ka ambaci kowa ban da Zaidu, domin mutum ba ya zama ɗan'uwan kansa, kuma wannan siga ta fifiko a Larabci tana bukatar wanda aka fifita ya kasance ɗaya daga cikin waɗanda aka jingina shi gare su. Majalisa ta yi murna. Amma ku lura da abin da ya faru yanzu a wannan ɗaki. Na kawo muku hujjar da Hausa, da yawa daga cikinku ba su yi nisa a Larabci ba, kuma kowa ya gane ta. Ƙa'idar sigar ta Larabci ce. Bahaushe sai ya ce Zaidu ya fi 'yan'uwansa, ya wuce abinsa, ko ma ya ce shi ne babba a cikin 'yan'uwansa, ba wanda zai ɗaga gira. Amma dalilin da ke ƙarƙashin ƙa'idar, cewa abu ba ya kasancewa a cikin taro kuma a wajensa a lokaci guda ta fuska guda, wannan ba na Larabawa ba ne, ba kuma na Yunanawa ba. Da manɗiƙi Sirafi ya kayar da malamin manɗiƙi. Haka nan zarginsa ga fassara. Ta yaya muka san Matta ya kuskure da ya ce yabo da zambo? Mun sani ne domin an koma ga asalin Yunananci an gwada. Kuskuren da ake iya ganowa a gyara shaida ne cewa akwai abin da ake gwada fassara da shi.

Farabi, wanda ya zauna da Matta a Bagadaza, shi ya ba da amsar da Matta ya kasa bayarwa. A littafinsa Ihsa'ul Ulum ya bayyana cewa matsayin manɗiƙi ga hankali kamar matsayin nahawu ne ga harshe, sai dai nahawu yana ba da ƙa'idojin da suka keɓanta da harshen al'umma guda, manɗiƙi kuwa yana ba da waɗanda harsuna suka yi tarayya a kansu. Bai raina nahawu ba kamar yadda Matta ya yi. Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya shigar da fannin cikin ilmin usulul fiƙihi, har ya nuna a gabatarwar Mustasfa cewa ba a sakankancewa da ilmin wanda bai san shi ba. Amma ku ga dabarar da ya yi: ya sauya masa suna, ya kira shi ma'auni da magwaji da sikeli, ya cire misalan Yunanawa ya sa na fiƙihu. Ke nan ya karɓi kayan Matta ya ɗinke su da allurar Sirafi. Duk da haka gardama ba ta mutu ba. Ibn Salah, da ya rasu a 1245, ya ba da fatawar haramta manɗiƙi, Ibn Taimiyya kuma ya rubuta babban littafi na raddi ga ma'abotansa.

A nan ne maganar ta karkato wajenmu. A ƙarshen ƙarni na goma sha biyar akwai malamai biyu da sarakunan wannan yanki ke jin maganarsu. Ɗaya Jalaluddin Suyuɗi na Alƙahira, wanda ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. Ɗayan kuwa Muhammadu ɗan Abdulkarim Maghili, mutumin Tilimsan, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, daga baya ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu. Suyuɗi tun yana saurayi ya rubuta risala yana haramta manɗiƙi, kuma a littafinsa Saunul Manɗiƙ ya kawo wannan muƙabala ta Bagadaza a cikin hujjojinsa. Maghili kuwa marubuci ne a fannin. Da labarin hanin ya iso masa sai ya aika wa Suyuɗi baitoci, Suyuɗi ya mayar da amsa da baitoci, Ahmad Baba na Tumbuktu ya adana su cikin Nailul Ibtihaj. Abin da Maghili ya tsaya a kai shi ne ma'anonin manɗiƙi suna cikin kowace irin magana, duk hujjar da ta inganta a kan sigarsa take ko mai ita ya sani ko bai sani ba, kuma da gaskiya ake auna mutane, saboda haka ana karɓarta ko daga wanda ba Musulmi ba. Suyuɗi ya amsa cewa shi da hadisi ya kafa hujja a kan hanin koyi da waɗanda ba Musulmi ba. A zaurukan karatun ƙasar nan ra'ayin Maghili ne ya samu wurin zama. Abdurrahman Ahalari, wanda ƙaramin littafinsa na fiƙihu yake cikin abin da almajiri ke farawa da shi, shi ne mai Sullam, waƙaƙƙen littafin manɗiƙi da ya rubuta wajen 1535. Littafin tauhidi na Sanusi, Ummul Barahin, da rabon hukuncin hankali gida uku yake buɗewa, wajibi da mustahili da ja'izi. Tsohon da ke karanta wannan a zaure yana fassara wa ɗalibansa da Hausa ko Fulatanci, yana maimaita gwajin da aka yi gardama a kansa a gaban Ibn Furat.

Yanzu bari in faɗi nawa ra'ayi. Misalin huɗu da huɗu bai kai sauƙin da Matta ya zata ba. A dajin Amazon na ƙasar Birazil akwai wata ƙaramar al'umma, Piraha, wadda binciken Peter Gordon na 2004 da wani da ya biyo baya a 2008 suka nuna harshensu ba shi da kalmomin ƙidaya tsayayyu, sai na "kaɗan" da "da yawa". In aka jera musu abubuwa a gabansu suna iya jera daidai da su ɗaya bayan ɗaya, amma in aka ɓoye abubuwan aka ce su tuna adadin, sai lissafi ya kuɓuce. Ashe ko takwas ɗin ma sai da harshe ake riƙe ta. Amma ba a taɓa samun mutanen da suka ƙirga huɗu da huɗu suka samu tara ba. Mu a nan muna cewa goma sha takwas, muna kuma cewa ashirin biyu babu. Kakanninmu suna cewa hauya ko gomiya biyu kafin mu ari "ashirin" daga Larabci. Suna ya sauya, adadin buhunan da ke kan jaki bai sauya ba. Indiyawa kuma, ta tasu hanya, sun tsara ilmin kafa hujja da ake kira Nyaya, da shahararren misalinsu na gano wuta a kan dutse saboda ganin hayaƙi, wanda ba shi da nisa da abin da Bahaushe ke nufi in ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Shaidar da ta fi gamsar da ni kuwa a cikin bakinmu take, ita ce kalmar "wai". In na ce Sarki ya iso, na ɗauki nauyin maganar, in aka je aka tarar bai iso ba ni za a kama. In na ce wai Sarki ya iso, na sauke nauyin. Turkawa a jikin aikatau suke liƙa irin wannan alama, mu kuwa kalma muka ware mata. Ba za a bukaci hanyar sauke nauyi ba sai don kowace magana da aka faɗa kai tsaye da nauyinta take zuwa. Haka mai tatsuniya yake buɗewa da "ga ta nan ga ta nan ku", don a san an fita daga filin da ake kama mutum da ƙarya. Yaro ba zai taɓa koyon sunan akuya ba in da manya suna gaya masa gaskiya da ƙarya daidai wa daida. Saboda haka abin da harshe ke nunawa, a fahimtata, wajibci ne da ke kan duk wanda ya buɗe baki ya ce abu kaza haka yake: ana iya ce masa "a'a", ana iya ce masa "ina hujjarka", kuma ba zai ce haka ne ya kuma ce ba haka ba ne a bar shi ya tafi. Wannan ya game kowa. Kuskuren Matta shi ne zaton cewa wata al'umma ce ta mallaki mizanin. Irin wannan zato ne ya kai Lucien Lévy-Bruhl na Faransa ga rubuta a 1910 cewa tunanin al'ummun da ya kira na baya bai kai matakin manɗiƙi ba, ra'ayin da shi da kansa ya janye a cikin rubuce-rubucensa da aka buga a 1949 bayan rasuwarsa, amma bayan ya riga ya yi wa masu mulkin mallaka amfani.

Da muka zo kan kyakkyawa da mummuna kuwa, sai in taka a hankali, don a nan abin da harshe ke bayarwa bai kai na can yawa ba. A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Aƙalla rabinsu, kamar amana da karamci da ladabi da hikima da adalci, daga Larabci muka aro su. Wannan ba ya nufin kakanninmu ba su san zalunci ba sai da aka kawo musu sunansa, ai "cuta" tamu ce tun fil azal. Kalmomin sun kama ne don sun tarar da gurbinsu, har muka ɗauki "amana" muka haɗa ta da namu aikatau muka ce cin amana. Gaskiya da amana, su magana da kanta ce ke neman su, domin alkawari ba shi da ma'ana a wurin mutanen da ba sa ganin laifin mai saɓa shi. Kunya fa? Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, da matar da ba ta ambaton sunan mijinta, a wurinmu tarbiyya ce, a wata ƙasa kuwa sai a tambaya ko lafiya. Adalci ya fi wuya. Da Yunananci da Larabci da Hausa da Turanci duk an yi cinikin bayi, alhali kowannensu yana da kalmar adalci, Aristotal ma da ya tsara manɗiƙi ya rubuta cewa wasu mutane bayi ne a ɗabi'arsu. Harshe ya ba mu kalmar, ya kuma ba wanda aka cuta damar tambayar dalili, amma bai faɗi wanda za a sa a cikin lissafi da wanda za a bari a waje ba.

Tarihin Maghili kansa ya isa misali, kuma bai kamata girman da muke ba shi ya hana mu faɗa ba. Kafin ya nufo kudu, wajen 1492, ya tayar da magana a Tuwat, cikin Saharar Aljeriya ta yau, a kan Yahudawan garin Tamantit, yana ganin sun karya sharuɗɗan zaman amana kuma wajibi ne a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Asnuni, bai yarda ba. Aka aika da tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, amsoshi suka dawo a rarrabe, wasu suna tare da alƙali, wasu suna tare da Maghili, ciki har da Tanasi da kuma Sanusi mai Ummul Barahin. Aka rushe wurin, Yahudawan suka tagayyara. Mutumin da ya gaya wa Suyuɗi a karɓi gaskiya ko daga bakin wa ta fito, shi ne a wannan ɓangare. Su duka Larabci suke rubutawa, mazhabarsu ɗaya, littattafan da suke kafa hujja da su ɗaya, babu tafinta a tsakaninsu balle a ce shi ya ɓata magana. Ahmad Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya tattara fatawoyin ɓangarorin biyu ya jera su cikin babban kundinsa na fatawoyin Malikiyya, wanda ya sa wa suna Al-Mi'iyar, watau ma'auni. An buga kundin a 1981 cikin juzu'i goma sha uku, kuma ɗalibin da ke jin Larabci yana iya buɗe shi ya karanta hujjar Asnuni da ta abokan saɓaninsa a jere.